Abdullahin Gwandu: Sha'irin da Ya Yi Ta Gudun Mulki

Toronkawa, dangin da Abdullahi ɗan Fodiyo ya fito daga cikinsu, Fulani ne ma'abota littafi tun kafin su san ƙasar Hausa. Abin da aka gada a bakin dangin shi ne kakansu Musa Jakollo ya taso da jama'arsa daga Futa Toro, can yamma a bakin kogin Senegal, ya sauka a ƙasar Ƙonni. Ana kuma faɗin cewa nasabarsu tana tuƙewa ga Uƙuba ɗan Nafi'u, wanda ya buɗe Afirka ta Arewa. Wannan zancen nasaba ne, irin wanda manyan gidaje ke riƙewa, kuma Abdullahi da kansa ya rubuta shi. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne, a ƙarni na 18 zuriyar tana zaune a ƙasar Gobir, a ƙananan garuruwa na malamai irin su Maratta da Ɗegel, nesa da fadar Alƙalawa, suna karantarwa suna kwafar littattafai.

A cikin wannan gida aka haifi Abdullahi a shekara ta 1180 bayan Hijira, wato wajen 1766. Mahaifinsa Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsa Hauwa'u. Wansa Usmanu, wanda duniya za ta sani da Shehu, ya girme shi da kimanin shekara 12. Wannan tazara ita ta tsara rayuwarsa: bai taɓa zama abokin wasan Shehu ba, almajirinsa ya zama, sannan marubucinsa, sannan wazirinsa.

Mun san karatunsa dalla-dalla domin shi ya bar mana lissafinsa. A 1812 ya rubuta ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukhi, ya jero malaman da ya yi karatu a wurinsu. Ya sauke Alƙur'ani a gaban mahaifinsa. Yana ɗan shekara 13 aka damƙa shi ga wansa, wanda ya biya masa Ishiriniya da Witiriya, da waƙoƙin sha'irai shida na Jahiliyya, da Ajurumiya, da Ahalari da Ishmawi da Risala, da littattafan tauhidi na Sanusi. Daga baya ya zauna gaban Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin da zafin wa'azinsa ya hana shi zama lafiya da sarakuna, ya kuma saurari Buhari a wurin ɗan'uwansu Muhammadu ɗan Raji. Duk wanda ya yi karatun zaure a ƙasar nan zai gane jerin, don har yau shi ne tsanin da ake hawa. Abin da ya bambanta Abdullahi da sauran almajirai shi ne waƙoƙin Jahiliyyar nan sun shige shi har ɓargo. Imru'ul Ƙaisi da Nabiga da Zuhairu sun koya masa buɗe ƙasida da tsayawa a kufan masoya, da siffanta raƙumi da daji da tafiyar dare. Yaron da ya tashi a sansanin malamai makiyaya, inda ake tashi a bar kufai, bai sha wahalar gane abin da Larabawan hamada ke kuka a kansa ba.

Shekarun wa'azi, 1774 zuwa 1803

Shehu ya fara kiran jama'a wajen 1774. Da Abdullahi ya kawo ƙarfi sai ya zama ba ya rabuwa da shi, a Kabi, a Zamfara, duk inda aka sa gaba. A zaman Zamfara, wanda ya ɗauki kusan shekara biyar daga wajen 1786, aka fara jin muryarsa. Wani malamin Barno, Mustafa Gwani, ya aiko wa Shehu baitoci yana zarginsa da barin mata suna halartar wa'azi tare da maza. Shehu ya juya ga ƙaninsa ya ce shi ya fi cancanta ya ba da amsa. Abdullahi, yana ɗan shekara ashirin ko kusa da haka, ya mayar da martani a karin waƙar da aka aiko da kuma amsa-amonta. Hujjarsa ita ce barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi illa a kan halartarsu majalisi, matuƙar an kiyaye haddi. Nana Asma'u, 'yar Shehu, ba a ma haife ta ba a lokacin, amma ƙofar da ta bi ta zama abin da ta zama tana cikin abin da wannan saurayi ya kare.

Wajen 1788 yana tare da Shehu a Magami, ranar Babbar Salla, lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi karɓa, ya nemi a bar shi ya yi kira, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Bayan haka Abdullahi ya yi wani aiki da ba a cika ambata ba. Da yawan malaman danginsu sun ja baya daga tafiyar Shehu, suna kallo daga nesa. Ya tsara musu doguwar ƙasida ta nasiha ya aika, ta zaga hannu zuwa hannu, manyansu suka karɓe ta, da yawa suka shigo. Ke nan tun kafin a zare takobi, alƙalaminsa ya riga ya tara wa Shehu mutanen da za su zama ƙashin bayan Jama'a.

Daga Gudu zuwa Alwasa, 1804 zuwa 1805

Sarkin Gobir Nafata ya kafa dokokin hana wa'azi da rawani da lulluɓi. Yunfa ya gaje shi, aka yi rikicin Gimbana inda aka far wa mutanen Malam Abdussalami, al'amari ya ɓaci. A watan Fabrairu 1804 Jama'a suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. A can aka yi wa Shehu mubaya'a, kuma Abdullahi ne ya fara miƙa hannu. Wata huɗu bayan haka, a Yuni 1804, shi ya ja rundunar da ta gamu da Yunfa a Tabkin Kwatto. Gobirawa na da dawakin lifidi da taimakon Buzaye, Jama'a kuwa galibinsu 'yan baka ne a ƙasa, dawakinsu kimanin 20. Aka kori Yunfa. Abdullahi ya yi wa ranar ƙasida, ya kwatanta ta da Badar, kuma a cikinta ana jin murnar mutumin da bai yi shakkar komai ba. Ita ce waƙarsa mafi haske. Wanda ya karanta ta ya kuma karanta abin da ya rubuta shekara uku bayanta zai yi mamakin cewa hannu ɗaya ne.

Abin da ya shiga tsakani, farko dai mutuwa ce. A ƙarshen 1804, a Tsuntsuwa, Gobirawa da Buzaye suka yi wa Jama'a mummunar ɓarna. Lissafin da aka gada ya ce an rasa kimanin mutum 2,000, a cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Abdullahi yana jinyar harbin kibiya a ƙafa da ya samu a bakin Alƙalawa, ya taso yana ɗingishi ya shiga faɗan. Waɗanda suka faɗi a ranar su ne abokan karatunsa, mutanen da suka san dalilin fitowa. A 1805 ya ja rundunar da ta ci Birnin Kabi, Sarkin Kabi Hodi ya gudu, Jama'a suka koma Gwandu da zama. Sai kuma Alwasa a ƙarshen shekarar, inda aka sake kwasar malamai da yawa.

Na biyu, kuma shi ya fi yi masa ciwo, abin da ya faru a kan hanyar Alwasa ne. Rundunar ta afka wa garin Kwalde, wanda ke zaman amana da Jama'a, ta washe shi. Abdullahi da Muhammadu Bello, ɗan Shehu, suka yi ƙoƙarin hanawa, mayaƙa suka ƙi ji, har rayuwar shugabannin ta shiga haɗari a hannun mutanensu. Dalilin a fili yake. Yunwa ta yi tsanani a shekarun, ba taska, ba albashi, abincin mayaƙi ganima ce. Kowane malami da ya faɗi a fagen fama, wanda ke maye gurbinsa sau da yawa mai neman abin duniya ne. Bello, mutum mai haƙurin siyasa, ya ɗauki wannan a matsayin cutar da za a yi ta magani a hankali. Abdullahi ya ɗauke shi a matsayin alamar cewa abin da aka fito dominsa yana zubewa.

Fitar dare, 1807

A ƙarshen 1807 runduna ta sake nufar Alƙalawa. Abdullahi ya fita tare da ita, amma zuciyarsa ta riga ta bar wurin. Shi da kansa ya ba da labarin a Tazyinul Waraƙati: ya duba ya ga yawancin abokansa sun riga mu gidan gaskiya, ya ga waɗanda suka rage sun karkata ga mulki da dukiya da girma, ya duba kansa ma bai wanke kansa daga abin da ya zargi wasu da shi ba. Sai ya sulale daga sansani da mutum biyar, ya fuskanci gabas, niyyarsa Makka da Madina, ba da shirin dawowa ba. Sun kwana uku a dokar daji ba su ga ɗan Adam ba, sai sawun giwaye.

A yi la'akari da wanda ya yi wannan. Shi ne mutum na biyu a Jama'a, wazirin Shehu, gwarzon Kwatto, wanda ya ci Birnin Kabi. Nasara tana gab da zuwa, kuma kowa ya san rabonsa a cikinta ba ƙarami ba ne. A daidai lokacin da mutane ke matsowa kusa don a raba da su, shi ya juya baya. A wannan tafiya ya tsara ƙasidar da ni a ganina babu kamarta a duk abin da aka rubuta a zamanin jihadi. Ta fara da kukan abokan da suka tafi, sannan ta juya kan waɗanda suka gaje su: masu son sarauta, masu tara ƙwaraƙwarai da tufafi, masu cin hanci a shari'a, masu sayar da 'ya'ya a kasuwa alhali sun san ba bayi ba ne. Maƙiyan jihadi sun faɗi irin wannan, Shehu Laminu na Barno ya rubuta makamancinsa a wasiƙunsa, amma zargin abokin gaba ana iya kakkaɓe shi. Wannan kuwa daga cikin gida ya fito, daga bakin wanda ya fara mubaya'a, kuma bai ɓoye shi ba, ya sa shi a littafi don na baya su gani.

Bai kai Makka ba. Da ya iso Kano, wadda ba a daɗe da karɓe ta daga hannun Sarki Alwali ba, sai jama'ar Sarki Sulaimanu suka tare shi suka hana shi wucewa. Ya gaya musu abin da ya gani a wurinsu shi ne abin da ya gudo ya bari. Suka ce to ya zauna ya koya musu. A nan ya rubuta Liya'ul Hukkami, littafin da ya shimfiɗa yadda ake naɗa shugaba, da aikin waziri da alƙali da mai hisba, da hukuncin ganima da ƙasa. Ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani. Ya ce sun farfasa kayan kiɗan da ya tarar a wurinsu, aka mayar da kwarangwal ɗin ganguna akushin dawaki. Kanawa kuma suna faɗin cewa shi ya daidaita musu alƙiblar masallaci, wannan dai a baki aka gada. Bayan wasu watanni ya koma yamma. Mutumin da ya fita don ya rabu da mulki ya dawo da kundin tsarin mulki a gafakarsa, kuma haka rayuwarsa za ta ci gaba da yi masa: duk lokacin da ya ja jiki, sai buƙatar mutane ta biyo shi har inda ya ɓuya.

Boɗinga, 1810 zuwa 1817

Alƙalawa ta faɗi a Oktoba 1808 a hannun rundunar da Bello ya jagoranta, aka kashe Yunfa. Abdullahi ya ja yaƙe-yaƙe ta yamma, ya ƙetare Kwara zuwa ƙasar Gurma. Da Shehu ya koma Sifawa wajen 1810, shi sai ya zauna a Boɗinga, tafiyar ɗan lokaci kaɗan daga wurin wansa, kusa yadda zai je karatu ya dawo, nesa yadda hayaniyar masu neman tuta ba za ta dame shi ba. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa: gabas ga Bello, yamma ga Abdullahi.

A waɗannan shekaru aka yi wata muhawara tsakanin wa da ƙani wadda ya kamata a riƙa koya wa ɗalibai. Abdullahi ya tsananta. Bai yarda a kira shugaban Musulmi da laƙabin sarauta irin na da ba, bai yarda da ganguna da algaita a ƙofar shugabanni ba, bai yarda da sa tufafin alfarma da aka samo a ganima ba, kuma ya yi tsayin daka a kan dukiyar Musulmin da aka ƙwace a rikici. Shehu ya amsa a littattafansa, musamman Misbahu li Ahli Hazaz Zamani da Najmul Ikhwani, ya sassauta a wasu wurare, yana nuna cewa abin da malamai suka yi saɓani a kansa ba a tsananta wa jama'a. Abdullahi ya sake amsawa a Liya'us Sulɗani, inda ya jawo nasihohin da Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15. Ba wanda ya zagi wani, ba wanda ya fasa ganin girman ɗan'uwansa. A Najmul Ikhwani ma Shehu ya umarci almajirai su lazimci littattafan ƙaninsa domin shi ne mai tsare zahirin shari'a. Ina ganin Shehu ya fi fahimtar abin da jama'a za su iya ɗauka. Amma Abdullahi ya fi hango inda abin zai kai, domin duk abin da ya ji tsoro, na gadon sarauta daga uba zuwa ɗa, da fada, da kiɗa, da bambancin mai mulki da talaka, ya dawo cikin ƙarni ɗaya, har a gidansa.

A 1813 ya tattara waƙoƙinsa a Tazyinul Waraƙati. Tsarin littafin shi ne ya kawo abin da ya faru a taƙaice, sannan ya kawo ƙasidar da ya yi a kansa, tun daga yabon malamansa da marsiyyoyinsu har zuwa yaƙe-yaƙe. Saboda haka littafin ya zama diwani kuma ya zama tarihi, kuma tare da Infaƙul Maisuri na Bello shi ne madogarar duk mai son sanin yadda jihadin ya gudana. Bambancinsu shi ne Bello yana rubutu a matsayin mai kare daula, Abdullahi kuwa yana rubuta abin da ya ji a ransa ranar da abin ya faru, ko da bai yi wa daular daɗi ba. Larabcinsa mai tsauri ne, cike da kalmomin da sai an buɗe ƙamus, har aka riƙa yi masa laƙabi da Balaraben Sudan. Wannan ya sa waƙoƙinsa ba su shiga bakin talakawa kamar na Asma'u ba. Akwai waƙoƙin Hausa da na Fulatanci da ake jingina masa, amma ginshiƙin aikinsa da Larabci yake. A Boɗinga kuma ya kammala babban tafsirinsa, Liya'ut Tawili, wajen 1816.

Ƙofar Sakkwato, 1817

Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu 1817. Abdullahi yana Boɗinga. Kafin ya iso an riga an yi wa Bello mubaya'a. Ana cewa da ya zo ya tarar an rufe ƙofar gari, ya juya bai shiga ba, kuma wasu ruwayoyin suna ɗora shawarar rufewar a kan Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin Bello. Ko yaya aka yi a bakin ƙofar, abin da ya tabbata shi ne bai yi mubaya'a a lokacin ba, ya koma Gwandu, kuma a shekarar ya rubuta Sabilus Salama a kan sharuɗɗan shugabanci.

A nan mai karatu zai iya tambaya: wanda ya gudu daga mulki a 1807, me ya sa ransa ya ɓaci da aka hana shi a 1817? Ba na jin amsar tana da wuya, kuma ba na jin tana rage masa daraja. Ya shekara goma yana rubuta cewa shugabancin Musulmi shawara ce ta ma'abota ilimi, ba gado ba ne. Sai ga shi an yanke magana ba a jira mafi ilimin mutanen wurin ba, kuma ɗa ya gaji uba. Ko da Bello ya cancanta, kuma tarihi ya nuna ya cancanta, hanyar ita ce wadda Abdullahi ya yi ta gargaɗi a kanta. Ban kuma cire cewa akwai ciwon ɗan Adam a ciki ba, na mutumin da ya bi wansa shekara arba'in aka bar shi a waje. Abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da bai yi ba. Yana da rabin daula a hannunsa, yana da mayaƙa, yana da almajirai. Bai ɗaga tuta ba. Ya shiga gida ya rufe bakinsa.

Shirun ya ɗauki shekaru. Bayan an murƙushe tawayen Abdussalami a Kware a farkon 1818, ragowar mutanensa suka taru a Kalambaina, kusa da Gwandu, suka gagari Abdullahi. Wajen 1821 Bello ya zo da runduna, aka haɗu aka ci garin. Ruwayar da aka gada ta ce da suka yi arba bayan yaƙin, Bello ya yunƙura zai sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya yi masa ishara ya zauna, shi ya sunkuya ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi. Ana kuma cewa a nan ya miƙa wa Giɗaɗo alkyabbarsa ta waziri. Rubutaccen tarihi ya tabbatar da sakamakon: daga nan aka daidaita, Sakkwato da Gwandu suka zama gida biyu na daula ɗaya har zuwan Turawa.

Gwandu, 1821 zuwa 1829

Bayan Kalambaina ya samu abin da ya nema tun daren da ya bar sansani. Ya bar harkar yaƙi da gudanar da ƙasa a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari, ya koma ga takarda da almajirai. A 1822 ya fitar da Kifayatu Lu'afa'is Sudan, tafsiri mai sauƙi domin waɗanda babban ya fi ƙarfinsu. Yana da Bahrul Muhiɗi, nahawu a waƙe mai baiti fiye da 4,000, da Hisnur Rasini a ilimin sarfu, da wasu a usulu da hadisi da tasawwufi. Waƙa a wurinsa ta koma abin da take a farko a zauren malamai, wato igiyar da ake ɗaure ilimi da ita don kada ya tsere daga ƙwaƙwalwar almajiri.

Mu da ke zaune a Maje da sauran ƙasar Suleja muna da dalilin duba waɗannan shekaru da kyau, domin a cikinsu aka haifi masarautarmu. Malam Musa, mai tutar jihadi, ya kori Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya, a 1804 bisa lissafin da aka gada a nan, ko 1808 bisa lissafin masu bincike na baya. Makau ya yo kudu ya fake a wajen Zuba, ya yi ta fafatawa har aka kashe shi a kusa da Lapai a 1825. Lapai ɗin nan, wadda hanyarta ke ratsa Maje da Dikko da Lambata, a ƙarƙashin Gwandu aka kafa masarautarta, kamar Agaie da sauran ƙasar Nufe. A 1828 ƙanin Makau, Abu Ja, ya kafa Abuja, garin da yau ake kira Suleja, wanda tutar jihadi ba ta taɓa cinsa ba. Ke nan a takarda, ƙasar da Makau ya faɗi tana cikin rabon Abdullahi, a lokacin da shi yake zaune a ɗaki a Gwandu yana tsara baitocin nahawu. Keɓewarsa ba ta hana a yi yaƙi da sunan gidansa ba, ba ta kuma hana kamen bayin da ya addabi Gwari da Koro da sauran mutanen wannan yanki a shekarun da suka biyo ba. Wannan nauyi ne da ba za a sauke masa gaba ɗaya ba: wanda ya ja jiki ya bar wa wasu linzami. Amma zuriyar waɗanda aka kora daga Zariya, in suna neman shaida daga cikin Jama'ar Shehu cewa an yi abin da bai kamata ba, cewa an sayar da 'ya'ya, an ci amanar garuruwa, ba za su sami wadda ta fi ta Abdullahi ƙarfi ba. Littafin Hassan Dallatun Abuja da Shu'aibu Na'ibi ya ba da labarin daga ɓangarenmu. Tazyinul Waraƙati ya ba da shi daga can, kuma a wurare da yawa ba su yi nisa da juna ba kamar yadda ake zato.

Ya rasu a Gwandu a farkon 1245 bayan Hijira, wato 1829, shekara ɗaya bayan kafa Abuja, yana da shekara sittin da 'yan kai. A can kabarinsa yake, ana ziyartarsa har yau. Nana Asma'u ta yi masa marsiyya. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, sannan Halilu daga 1833 zuwa 1858. Halilu ya ɗauko halin uban har ya zarce: lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya sauka Gwandu a 1853, ya yi kwanaki yana neman ganin sarki bai samu ba, ya rubuta cewa mutumin yana zaman keɓewa irin na masu zuhudu. A wannan zama ne aka ba Barth aron Tarikhus Sudan, tarihin Sanwai da Tambutu, ya kwafi abin da ya iya, ta nan Turai ta fara sanin littafin. Garin da Abdullahi ya zauna ya kasance wurin da ake samun irin wannan a gafakar malamai shekara 24 bayan rasuwarsa.

An buga Liya'ut Tawili a Alƙahira a 1961, cikin juzu'i huɗu, a zamanin Sardauna Ahmadu Bello, ya kuma koma zaurukan da ake tafsirin azumi. A 1963 Mervyn Hiskett ya fitar da Tazyinul Waraƙati a Ibadan tare da fassarar Ingilishi. Wani ɓangare na rubuce-rubucensa yana nan a rubutun hannu, a ɗakunan ajiya na Sakkwato da Kaduna da Zariya da Ibadan, da kuma a gidajen malamai da suka gaje su daga kakanni.